Kajin Turawa a Gidan Inna

A shekarun da kuɗin mai ya sa kowane ma'aikaci ya ɗauki kansa wani abu, ina koyarwa a wata firamare a Kankiya, ranar Juma'a in hau sabon babur in tafi gida Kusada. Kullum rediyo na cewa a koma kiwon zamani. Ni da ban taɓa watsa wa kaza tsaba ba, na karanta wata 'yar takarda daga ofishin malamin gona, na wayi gari gwanin kaji.

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Kajinta take gaya wa, ni in ji. In na daɗe ban zo ba, sai ta watsa musu dawa ta ce, "Ku ci, ku dai kun san hanyar gida." In na rame, kaji ne ke shan faɗa a kan wasa da abinci. Duk hirar da ke tsakanina da uwata ta nan take bi, amma ilmi bai bar ni na lura ba.

Takardar ta ce kajin gida na ɗauke da cuta, kada a haɗa su da na Turawa. Na sayo 'yan tsaki farare tas wurin wani ɗan Kudu mai shago a Kankiya, na sa kafinta ya buga musu keji da rufin kwano, alhali ɗakin Inna jinka ce a kansa. Sannan na tsaya tsakar gida da biro a aljihu na yi lacca, na ce kajinta su bar gidan. Ta dubi wata jar kaza ta ce, "Kun dai ji. Boko ya ce ku tahi." Kafin Juma'a ta zagayo ta ba Bafillatanar da ke kawo mana nono su duka.

Kajina kuwa 'yan gata ne. Ba su san tono ba, ba su san gudun shaho ba, kwano ya ɗauki zafi su buɗe baki kamar masu jiran liƙi. Ni, malamin aji shida, na durƙusa da mafici ina yi wa kaza fifita. Rabi suka mutu duk da haka. Sauran suka girma har da zakara, suka fara ƙwai, na tara na jera a akurki ina jiran kwanci. Ko kallo ƙwan bai ishe su ba. Na kama guda na danne ta a kai, na kife ta da kwando. Ta fasa uku ta shanye, sauran suka ruɓe har maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya.

Na koma wurin malamin gona da fushina. Ya yi dariya har da hawaye. "Ai waɗannan ba sa kwanci, Malam. Ka samu kazar gida ka sa mata." Wannan bayani yana bayan takardar, shafin da ban juya ba.

Na tafi ruga ina jan babur cikin yashi. Bafillatanar ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne malamin da ya kori kaji? An sayar, an ci, babu ko ɗaya." Na biya kasuwa na sayi wata jar kaza, na kawo na ajiye gaban Inna, na tsuguna. Raina ya ɓaci ƙwarai, so nake ta zage ni, ko da ta bakin kazar ne.

Inna ta dubi kazar, ta ture mata kaskon ruwa da ƙafa, ta ci gaba da kaɗin audugarta. Ba ta ce wa kazar kome ba, ranar nan ko bayanta. Shekara tara muka ƙara tare, in gaishe ta ta amsa, saƙonta kuma sai dai matata ta kawo mini.