Ranar da na ce jikin ɗalibata duk ƙwaya ne

Shekarun baya, lokacin ina koyon aikin malanta, aka tura ni wata sakandare a wajen Kaoje. Wata uku zan yi, shugaban makaranta ya sa mini hannu a takarda, in koma in gama karatu. In babu hannun nan, shekarar ta tafi a banza.

Darasina na farko a kan yadda jikin mai rai yake hawa-hawa ne. Da na ga Turancin ba ya shiga, sai na juya Hausa, ina ji da kaina. Na nuna wata ɗaliba a layin gaba na ce, "Ke ɗin nan, tun daga kai har ƙafa, duk ƙwaya ce a jikinki." Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa na ɗauka iya koyarwa ce.

Na manta inda nake. A bakin iyakar Benin, in an ce ƙwaya, abin da ake shigowa da shi a mashin ake nufi.

Kwana uku ba ta zo ba. Ran na huɗu aka kira ni ofis, na tarar da mahaifinta, manomin shinkafa, ko zama ya ƙi yi.

"Malam, kai na kac ce ɗiyata na shan ƙwaya? Gaban mutane?"

Shugaban ya ɗora hannu a kan takardata ya ce, "To, yi wa Baba bayani."

Na ce, "Baba, shinkafa daga ƙwaya take farawa. Ƙwayoyi su yi zangarniya, zangarniya ta yi dami. Haka jiki yake. Ƙananan ƙwayoyin halitta su haɗu su yi tsoka, tsoka ta yi zuciya, zuciya da jijiyoyi su yi aiki tare, har a sami mutum."

Ya dube ni ya ce, "Kenan ni ma akwai ta jikina?"

"Har ni, Baba."

"To mi yas sa ba ka nuna kanka ba?"

Yarinyar ta dawo ran Litinin, aka sa mini hannu a ƙarshen zango, na kama hanyar Bagudo.

Daga baya wani abokina da ke koyarwa a can ya ce mini har ta gama makarantar, Ƙwaya ake kiranta. Yanzu in zan ba da misali a aji, ƙirjina nake dafawa. Ita dai ban taɓa ba ta haƙuri ba.