Gayyar Habibu

Abin da na fara gani shi ne madubin babur ɗin Habibu, yana walƙiya tsakanin itatuwan ɗorawa. Ƙarfe bakwai na safiyar Laraba, ina leƙe ta kan danga.

An sa mana rana ni da shi, bayan kaka. Ran nan ya kawo wa Baba gayyar maimai, yadda masu neman aure suke yi a garinmu. Ni ce na roƙe shi kada su zo a ƙasa. A littattafan da nake karantawa, da jerin motoci masoyi yake isowa. Na ce ko babura ne ya tara, gari ya san ya zo. Ya yi dariya ya ce, "An gama, ranki ya daɗe." Ya tara ashirin da biyu. Suka jera su a gindin tsamiyar bakin gona.

Ƙarfe tara gangar noma ta ɗau zafi. Ni da Inna muna dama musu fura. Baba ya dawo gida ɗaukar goro.

Goma saura muka ji ƙugi a sama. Jirgi ne. Ya kewaya sau biyu. Har da masu ɗaga masa hannu.

Sai ƙara. Ƙwarya ta suɓuce daga cinyata. Ƙasar soro ta zubo mana. Ganga ta yi shiru. Ban gama salati ba bam na biyu ya faɗo.

"Ku fita! Ku bi rafi!" in ji Baba.

Na nufi gona, ya fizgo ni. Hayaƙi kawai na hango inda tsamiya take. Muka bi rafi ba takalmi, muna kwantawa cikin dawa duk sanda iska ta yi ƙara. La'asar sakaliya muka shiga Ɗanbatta. Sai a nan na ga har yanzu ludayi yana hannuna.

Kwana uku ina tasha, ina duba duk motar da ta tsaya. A rana ta ukun rediyo ya ce an hallaka 'yan ta'addan da suka taru da babura. Bayan sati aka ce kuskure ne.

Baba bai sake noma gonar nan ba. Ya tsince fartanyun da ba wanda ya zo nema, ya jingine su a zaure.

Bara, idonsa ya soma mutuwa, yana wuni da rediyo. Wata rana aka yi muhawara kan bam ɗin da aka jefa wa Japan, ko yaƙi ne ko ta'addanci. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Su waɗanda ke ƙasa an tambaye su?" Ya kashe, ya lalubi bango yana taɓa ƙotocin ɗaya bayan ɗaya.

Goma sha ɗaya ne. Ta bakwai, ta Habibu, tana da jan zaren da na ɗaura mata.