Hujin da Nozul Ya Yi wa Yayana

Har yau idan na ga makanike yana tsiyaya man birki a kan ciwo, sai in ji kamar in ƙwace gwangwanin in kwaɗa masa a ka. Ni ma na taɓa yi, kuma yayana na yi wa.

Garejinmu yana unguwar Ketaren Gwari a Minna, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, lokacin ana kashe fam da sule, Minna kuwa ba ta da abin nunawa sai tashar jirgin ƙasa. Mu biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da iyalinsa a gida guda. Masu gyaran motar fetur ba su da iyaka, amma motar da ke shan gas, wato dizal, duk garin wurin yayana ake kawo ta. Hannunsa ne ke ciyar da gidanmu. Ni nawa kwance ƙarfe da mayar da shi.

Wata Laraba da hantsi wani alhaji mutumin Bida, ɗan kasuwa, ya kawo motarsa tana kakkarwa tana aman baƙin hayaƙi. Tun bai gama fitowa ba ya fara: "Malam, motana ba shi da karfi. Gobe zan tafi Kaduna. Ka gyara shi yau yau."

Yayana ya nufi motar. Ya buɗe bonet, ya bar injin yana aiki, ya ɗauki sifana. Nozul shi ne ƙarfen da ke fesa gas cikin injin, guda huɗu ne a motar, kowanne da bututunsa. Sai ya riƙa sassauta bututun ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. In ya sassauta na mai lafiya, injin ya ƙara tangaɗi. Da ya zo na uku, ko gezau, muryar injin ba ta sauya ba. Ya ce, "Ga malalacin nan."

Muka cire shi. Bakinsa ya toshe da baƙin dauɗa. Yayana ya warware shi, ya wanke allurar ciki da gas mai tsabta, ya bi hujin da siririyar waya a hankali, ya mayar. Na'urar gwada nozul ba mu da ita, sai manyan gareji na Kaduna. Mu dabararmu ita ce mu ɗaura shi a bututunsa a waje, bakinsa yana kallon iska, ni in shiga in murɗa makulli, shi ya duba fesar. Mai lafiya yana fesa laushi kamar raɓa, marar lafiya yana dalala. Kuma muna da ƙa'ida tun ranar da muka fara aiki tare: ba na taɓa makulli sai ya buga sifana sau biyu a jikin mota.

Ina zaune a ciki, bonet ya tare ni, ba na ganinsa. Alhajin nan ya leƙo ta taga yana nuna agogo. "Kai, me kana jira? Tada mana!" Sai na tayar. Ban ji bugun sifana ba, kuma na san ban ji ba. Babbar riga da agogo suka ruɗe ni, na bi maganar baƙo na bar ta ɗan'uwana. A lokacin yayana yana goge bakin nozul da tafin hannunsa na dama.

"Kash!" kawai ya ce. Na fito da gudu. Ciwon ɗan ɗigo ne, kamar sukar ƙaya, ko jini bai cika yi ba. Na ɗauko man birki na tsiyaya masa, kamar yadda kowane makanike yake yi, na yagi tsumma na ɗaure.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin Beji, Kirista, da ya yi shekaru yana aikin injin jirgin ƙasa, yakan zauna a inuwar mangwaron. Ya taso ya kama hannun ya duba. "Dana, wannan ba ciwon wasa ba ne. Gas ya shiga can ciki da karfi. Ka tafi asibiti yanzu yanzu."

Yayana ya ce, "Haba Baba, cizon cinnaka ma ya fi wannan."

Ni kuma, da bakina, na ce, "Baba, Turawan jirgi sun koya maka tsoro." Muka yi dariya. Wannan dariyar ba na yafe wa kaina ita.

Da wannan hannun ya gama aikin. Injin ya daidaita, hayaƙi ya ɗauke, Alhaji ya tafi yana sa albarka. Bai ƙara waiwayarmu ba, daga baya ma na ji ya sami wani mai gyara.

Alhamis hannu ya kumbura, matarsa ta gasa da ruwan zafi ta shafa man kaɗanya. Juma'a muka kira wanzami ya yi tsaga, abin da ya fito wari ne na gas. Asabar yatsu suka fara baƙi. Sai Lahadi muka kai shi asibiti, yana sambatu don zafin jiki. Likita ya kwance tsumman, ya dube mu, ya ce me ya hana mu zuwa tun ranar da abin ya faru. Ya tambayi yadda aka yi. Na buɗe baki, yayana ya riga ni: "Tsautsayi ne, likita. Ni na kai hannuna."

A wuyan hannu aka yanke.

Ranar da aka sallamo shi, bayan la'asar aka kawo mana tuwon dawa a zaure, cikin akushin da muke ci tare tun muna yara. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya miƙa dungun da ke naɗe da bandeji, sannan ya tuna. Ya janye shi a hankali. Ya kira matarsa ya ce ta zuba masa nasa daban.

Na ce, "Yaya, don Allah ka sa hagun. Wallahi ba komai, ni da kai ne."

Ya ce, "Ba a sa hagu a akushin mutane. Ci abinka."

Ya ɗauki kwanonsa ya juya wa ƙofa baya. Har ya rasu bai taɓa ce mini ni na jawo ba, ko sau ɗaya, ko cikin fushi. Da ya faɗa, da na sami abin roƙon gafara a kai. Haka muka ci gaba da zama a zaure ɗaya, shi da kwanonsa, ni da akushin mutum biyu.