Ashe tun a bakin ƙofa na amince

"Sa hannu nan, Ya Falmata," in ji hedimasta, tun ban zauna ba. Na sa, a zatona takardar waɗanda suka zo taro ce.

Mu 'yan kwamitin makarantarmu ta Mafoni aka kira mu duba tsarin ba yara maki. Ina karantawa sai ga wata doka: duk wanda bai zo ranar gwaji ba, sifili, ko yana kwance a asibiti.

Na ce, "Malam, 'yar maƙwabciyata taifot ya kwantar da ita sati biyu. Ban yarda ba!"

Ya ɗaga takardar nan. "Ai kin riga kin yarda."

Gobe zan koma in soke sunana da hannuna.

Iyaye, naku kwamitin yana karantawa kuwa, ko sa hannu kawai?