Ɓangaren Mai Zare a Laftof

Duk layin ba wanda ya san ta da wani suna in ba Mai Zare ba. Shagonta ɗan tsukut ne, tsakanin mai walda da mai sayar da batir, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, da wata fanka mai kukan tsiya. Da hannu ta fara surfani tun tana budurwa, har idanunta suka fara yi mata gardama. Da wata masana'antar ɗinki ta rufe aka yi gwanjon kayanta, sai ta sayar da 'yan kunnenta da keken ɗinkinta ta ɗauko injin surfani mai aiki da kwamfuta. Tsoho ne tukuf, amma in ya kama aiki sai ka rantse jiya aka ƙera shi. Da shi ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da shi kuma ta kai Auta makaranta, ƙanen nan nata da ta goya a bayanta.

Injin yana da taurin kai guda ɗaya. Ba ya jin maganar kwamfuta sai ta bakin wata 'yar manhaja da masu gyara ke kira direba, shi kuwa direban nan tsohon tsarin kwamfuta kaɗai ya sani. Ka haɗa injin da sabon tsari, ko fitila ba zai ƙyafta maka ba. Kamfanin da ya ƙera shi ma ya daɗe da rufewa, balle a sa ran sabon direba.

Da Auta ya gama karatu ya rasa aikin yi, sai ya ce zai shiga ɗaukar bidiyon biki. Manhajar da yake tace bidiyo da ita kuma sai a sabon tsari take tashi. Mai Zare ta ɗauki laftof ɗinta, nata na kanta, ta kai wa Mai Gyara na bakin titi, ya raba cikinsa biyu. Daga ranar, in aka kunna sai baƙin allo ya fito da layi biyu: na sama sabon tsari, na Auta, na ƙasa tsohon tsari, nata. Ɓangarenta ba sauti ba intanet, don tsohon tsarin bai san kayan cikin laftof ɗin ba, ita kuwa ko a jikinta. Injinta na ji, kuma zanenta na ciki: furanni, ganyaye, sarƙoƙin wuyan riga, aikin shekara da shekaru, kowanne ta jera shi ɗinki bayan ɗinki da linzamin kwamfuta har wuyan hannunta ya kumbura.

Sai 'yarta ta haihu, ta tafi ta kwana biyu. Ranar da ta dawo ta kunna laftof, baƙin allo bai fito ba. Kai tsaye ya zarce ɓangaren Auta, da hotonsa cikin baƙin tabarau yana murmushi.

"Auta, ina layina?"

Bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Au, Yaya, wuri ne ya cika. Babban biki na samu, ba inda zan zuba. Na ɗan goge na ƙasan."

"Ka ɗan goge."

"Haba Yaya, tsohon yayi ne fa, ko sauti ba ya yi. Zan sauko miki da wani a intanet."

Wallahi da ya ce kuskure ne da ta yafe. Amma ya sani sarai, ya dai auna zanenta da bikin wasu ya ga nata ne mara nauyi. Ya shiga intanet ɗin nasa ya fita, ba direba ba dalilinsa. Mai Gyara ya duba ya girgiza kai, ya ce bidiyo ya riga ya hau kan zanen, ko ɗaya ba zai dawo ba. Ta koma shago ta lulluɓe injin da tsohon zani, ta zauna ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta.

To, Mai Zare ba mai hayaniya ba ce, abin tsoron ke nan. Ta ci gaba da zuba wa Auta abinci, har tana ƙara masa nama. Ta koma surfanin hannu da tabarau a karan hanci, masu kawo aiki suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. A ranta kuwa ta rantse sai yaron nan ya ɗanɗana. Kullum in ta rufe shago sai ta biya wajen Mai Gyara, shi kuma ya baza cigiya wajen abokan sana'arsa, har aka dace da wata matacciyar kwamfuta ta wani tela da ya bar aiki. A cikinta aka tono direban.

"Hajiya, in sake raba shi biyu?" in ji Mai Gyara.

"Wa ya ce maka biyu? Ɗaya. Nawa."

"Kayan yaron fa?"

Ta ciro wata 'yar ma'ajiya da ta saya, mai kamar akwatin ashana. "Kwashe su tas ka zuba nan. Sannan ka share masa gida."

Da safe aka yi aikin, lokacin Auta ya tafi aski, don jibi zai miƙa wa ango bidiyonsa. Ya dawo yana fito, tun daga bakin layi ya ji injin yana ta tak-tak-tak. Ya shigo da gudu ya fizgo laftof. Ba hotonsa, ba tabarau, ba bidiyo, ba ma intanet ɗin da zai nemi agaji.

"Yaya! Ina kayana?"

"Wuri ne ya cika," ta ce, tana zura zare a allura. "Na ɗan goge."

Ya dafe kai, ya durƙusa, ya tashi, ya sake durƙusawa. Ta bar shi ya yi gumi sosai, ta ji daɗin kallonsa kuwa har cikin ranta, kafin ta ɗaga 'yar ma'ajiyar ta nuna masa ta mayar cikin jaka ta ja zif.

"Suna nan. Ni ban iya mugunta irin taka ba, tawa daban ce. Duk zane ɗaya da ka mayar mini, in ba ka fayil ɗaya. Na ango shi ne na ƙarshe."

"Yaya, don Allah, mutumin nan kashe ni zai yi."

"Sai ka yi sauri."

Ta bi gidajen tsofaffin masu kawo mata aiki ta aro rigunan da ta taɓa yi musu, ta jibge masa a tebur. Auta ya zauna a kujerarta, a tsohon tsarin da ya raina, yana ƙirga ɗinki da tsinke yana jan linzami. Wayarsa na ruri, ango ne, ya kashe, ta sake ruri. Mai walda ya riƙa leƙowa yana cewa, "Sannu da aiki, ɗan koyo!" Wuyan hannunsa ya kumbura, Mai Zare ta gani, ta miƙa masa man zafi ta ce ya ci gaba.

Da rigunan suka ƙare, saura zane ɗaya, wanda ta fi so, wani reshe mai nannaɗe da ƙananan ganye. Ba a samu rigarsa a ko'ina ba, sai ta tsaya a kansa tana kwatanta masa da baki. Ya zana, injin ya ɗinka a ƙyalle, ta ɗaga a hasken taga ta ce ba haka yake ba. Ya sake, ta ce ba haka ba ne.

Ya juyo, idanunsa jajur, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, ki gaya mini kawai. Reshen nan dama ya karkata ko hagu?"

Ta rufe ido ta nemo zanen a kanta, dama, hagu, babu. Hannunta ne ya yi shi, ta ɗinka shi ba adadi, yanzu ga shi ita ma ya ɓace mata. Ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta. Wayarsa ta sake ɗaukar ruri a kan tebur.

Ta ƙara matse jakar a hammatarta.

"Goge," ta ce. "Sake."