Ranar da Surukata Ta Yi Magana da Jaki

Ni baduku ne, haihuwar cikin ganuwar Sakkwato. Ruwa a wurina abu ne da ake ɗaukowa daga gulbi a zuba a randa. Iyakar ilimina ke nan har shekarar da matata ta yi cikin fari, ba da daɗewa ba bayan Nasara sun ci gari.

Da cikin ya tsufa, uwarta ta zo daga ƙauyensu na arewa don ta tafi da ita, tunda haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Da can sai an jira ayari, amma lokacin hanya ta yi lafiya, na ce ni kaɗai na isa rakiya. Har sabuwar salka na ɗinka mana ta ruwa, ina ta yanga. Kowane mai tafiya ya san sai an jiƙa sabuwar salka ta kwana ɗinkin ya kumbura. Ni na ce ɗinkina ya fi ƙarfin haka. Kaito!

Tsakanina da Inna kuwa akwai kunyar surukuta. Ba ta duban idona, ba na ci ko sha a gabanta, magana kuma sai ta bakin wani.

Muka ƙetare gulbi ta Kwalkwalawa, matata bisa jaki, mu biyu a ƙasa. Rana ta biyu da hantsi na taɓa salka na ji ta lafe kamar tsumma, ruwan duk ya tsiyaye ta ɗinki. Rijiyar da na dogara da ita muka tarar ta rufta. Ga shi bazara ce. Matata ta zame daga kan jaki ta zauna, leɓɓanta sun tsage, ta raɗa wa uwarta magana, amma na ji: tun asuba abin da ke cikinta bai motsa ba.

Na fizgi igiyar jaki na ce mu koma gulbi.

Inna ba ta da damar ce wa suruki ya yi wauta. Sai ta dafa wuyan jakin ta ce, "Kai jaki, in ka koma baya ba ka kai ta da rai. Ba ka ga inda kurciyoyi sunka nufa ba tun da safe?"

Na saki igiya. Muka bi ta gabas har wata busasshiyar ƙorama mai goruba a baki. Na yi wuf zan shimfiɗa tabarma cikin yashi, ta ce, "Jaki, ba a zama kan hanyar ruwa, ko sama ba gajimare. Hau tudu."

Na hau tudu, ni jakin. Can ta tanƙwaro rassan sabara biyu da ke kusa da juna, ta ɗaure kawunansu da kaba, ta jera gamba a kai, ta rufa tabarma ta ɓangaren rana, ta bar ƙofa ta inda iska ke shigowa. Ko wuƙa ba ta nema ba. Kafin in gama mamaki 'yarta na kwance a inuwa.

Sannan ta gangara tana duban ƙasa, har inda ƙoramar ta yi kwana. Ƙudan zuma na sauka bisa yashi a wurin. Ta zana da ɗan yatsan ƙafa ta ce, "Jaki, nan."

Na durƙusa da sakaina ina tono. Har gwiwar hannu, ƙura. Na soma ƙunƙuni a raina cewa tsohuwar nan za ta kashe mu. Da ramin ya kai kafaɗa, yashi ya yi sanyi, ya yi duhu, ya soma manne mini a yatsu. Na ƙara himma, ta ce, "Jaki, a bar shi ya taru."

Wannan jira ya fi tonon wuya. Ruwa ya tsattsafo a hankali, ja-ja-ja. Ta tace shi da gefen mayafinta cikin ƙwarya, ta kai wa 'yarta, kurɓi kaɗan, ta janye, kurɓi kaɗan, ta janye. Na biyun da ya taru ta ajiye kusa da ƙafar jaki, ta juya mini baya don in sha. Sai da na shanye na tuna ita ko leɓe ba ta jiƙa ba. Ban taɓa ganin mutum irinta ba, har yau.

Na zauna bakin rami ina jira, ba na jin kome daga bukkar. La'asar ta yi, na yi taimama na yi salla, ban san abin da na karanta ba.

Ina sallamewa na ji tafiyar Inna. Ta wuce jaki, ta tsaya gabana, ta dube ni cikin ido.

"Ɗana," ta ce, "ya motsa."

Mun daɗe tare a duniya bayan nan, har wannan ɗan ya yi aure tana raye. Ba ta sake yi mini magana baki da baki ba.