Abin da Mikoro Ya Ji a Madarumfa

Ana sallame sallar asuba muka bar Maraɗi, mu biyu a kan babur guda. Abokin tafiyata malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ke tuƙi, ni ina baya na rungume jaka a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. Mahaifinsa za mu je wa, Baba Nomau, tsohon mawaƙin noma a Madarumfa. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun farkon damina, kuma duk gidan babu wanda ke da muryarsa a ajiye, ko a kaset.

Masu bibiyata sun san ɗan ɗakin ɗaukar sautin da nake da shi, sun kuma san ba mai ƙarfi ba ne ni. Abin da ke cikin jakar shi ne sabon mikorona, irin na sutudiyo mai babban faifai a ciki, faifan da bai kai ɓawon albasa kauri ba. Jikka talatin da biyar na saye shi. Manyan irinsa suna ninka haka sau goma, har wani abokin sana'a ya ce mini na sayi abin wasan yara. Irin wannan mikoro ba ya aiki sai an ba shi wuta ta ɗan akwatin sauti, ba ya son faɗuwa, ba ya son laima. Shi ya sa na naɗe shi da tsohon zanen matata, abin da har yau ba ta sani ba.

Hanya ba ta da nisa, amma duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a zuciyata kafin in ji shi a ƙugu. Kaka ta yi. Gonaki sun cika da dammunan hatsi, amalanken jakuna na mutanen Safo suna ta wucewa da harawar wake, an labta musu har ba ka ganin jakin sai kunnuwa. Jandarmomi sun tsayar da mu sau ɗaya. Ɗayansu ya sa na kwance zanen, ya juya mikoron, ya tambaye ni ko injin aski ne. Da na yi masa bayani sai ya ce in na gama da tsohon in dawo in ɗauki tasa muryar, shi ma ya iya waƙa.

Mun isa gari rana ta ɗan ɗaga. A bakin tabki muka karya, ƙosai na dala ashirin da koko mai zafi. Masunta suna fitowa da karfasa da tarwaɗa, mata masu saro suna jira da kwanoni, can gefe injinan ban ruwa sun fara ruri a lambuna. Kowa yana kallon kifi, ni kuwa injinan nake saurare, domin na san mikorona ba zai bar su ba.

Baba Nomau yana kwance a ɗakinsa na ƙasa. Dogon mutum ne da ciwo ya ci, sai idanu da manyan hannuwa irin na wanda ya shekara hamsin yana riƙe hauya. Ya amsa gaisuwata da ƙyar, amma da ya ga kayan sai ya ce a tashe shi zaune.

A hanya ɗansa ya riga ya ba ni labarin ƙanen tsohon, Alhaji Idi. Shi ne makaɗinsa tun suna samari. Duk gayyar da aka kira, Nomau na waƙa, Idi na gangar noma, manoma suna gasa a bayansu. Shekara goma sha biyar ke nan da Idi ya dawo daga Makka ya rataye ganga, ya ce tsakaninsa da kiɗa sai dai a lahira a yi hisabi. Ba su yi faɗa ba. Suna gaisawa, suna zuwa sunan juna da jana'iza. Amma daga ranar Nomau bai sake waƙa a gayya ba, don ya ce bakinsa bai san hannun kowa ba sai na Idi.

Ɗakin ya yi mini daɗi, bangon ƙasa ba ya mayar da amo. Na kafa mikoron tazarar taƙi guda daga bakin tsohon, na sa ragar tare iska a tsakani, na haɗa da ordinato, wato kwamfutata. Da na sa abin ji a kunne sai duniya ta shigo ɗakin: injin lambu, tattabaru a kan rufi, daka daga gida na uku, har ƙudan da ke yawo bakin ƙwaryar hura. Muka rataya barguna biyu a ƙofa da taga. Aka aika wa maƙwabta roƙo, matan suka ajiye taɓarya ba musu. Injinan kuwa sai da muka jira su har rana ta take, masu lambu suka tafi hutawa.

Lokacin ne Alhaji Idi ya shigo. Gajere ne, farin gemu, da carbi a hannu. Ya gaishe da wansa, ya dubi kayana, ya faɗa mini cikin ladabi cewa shi dubiya ya zo, ba ya cikin wannan aiki. Na ce na fahimta. Sai dai tsohon ba ya iya zama ba jingina, filo kuma yana zamewa. Ɗansa ya tashi zai tallafe shi, Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya ajiye carbi, ya zauna a bayan wansa ya dafe shi da tafuka biyu.

Sau uku Baba Nomau yana farawa numfashi yana yanke shi. Ya kama baiti, tari ya ƙwace. Na ga ɗansa ya juya fuska bango. A raina na riga na haƙura, na ce ko maganarsa kaɗai muka samu mun gode Allah.

A na huɗu sai waƙar ta tsaya da ƙafarta. Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta daina tuntuɓe. Yana kiran sunayen manoman da suka riga mu gidan gaskiya ɗaya bayan ɗaya, da gonar kowa, da yadda kowa ke kama kunyar noma. Mikoron nan da aka raina ya kawo mini komai, har rawar da ke ƙarƙashin muryar da ɗan shiɗewar da yake yi kafin kowane suna. Minti goma sha ɗaya ya yi bai tsaya ba.

Amma tun tsakiyar waƙar wani abu yake damuna. Akwai wani bugu a ƙasa-ƙasa, dib, dib-dib, yana tafiya da waƙar. Na zaci waya ce ta saki, ko arahar mikoron ce ta fara nuna hali. Na taɓa mahaɗa, lafiya lau. Na dubi bargo, ba ya motsi. Da aka gama na ba su haƙuri, na ce akwai wata ƙara da ban san inda ta fito ba, zan yi ƙoƙarin cire ta a gida.

Baba Nomau yana haki ya ce, "Miƙa wa Idi ya ji."

Alhaji ya so ya ƙi, amma wansa ne. Na sa masa abin ji a kunne na kunna. Ya saurara yana kallon ƙasa. Can sai na ga ya ɗaga hannunsa na dama yana duban yatsun kamar ba nasa ba. Ashe su ne suke buga kiɗan gangar noma a bayan tsohon, a hankali, ta saman riga, ƙirjin da ya rame yana amsawa kamar ƙwarya. Mu da muke ɗakin babu wanda ya ji.

"Wallahi Yaya ban san ina yi ba," in ji shi.

"Na sani," in ji Baba Nomau. "Tun baiti na biyu na ji ka. Da na yi magana da ka daina."

Ni dai na san na ɗauki abin da mai shi bai ba ni ba, kuma ya faɗa mini tun farko ba ya ciki. Na ce wa Alhaji in ya ce a goge, yanzu a gabansa zan goge. Na faɗa ne alhali na san tsohon ba shi da ƙarfin maimaitawa, ban kuma taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan ba. Ɗan tsohon ya buɗe baki zai yi roƙo, mahaifinsa ya girgiza masa kai.

Alhaji Idi ya cire abin jin, ya share ido da bakin rawani. Ya ce alkawari ya yi wa Ubangijinsa, ba zai ce bai karya ba, zai nemi gafara. Amma ba zai raba marar lafiya da abin da ya samu sauƙi da shi ba. Ya gindaya sharaɗi: kwafi ɗaya tak, a hannun ɗan wansa, kada ya shiga rediyo, kada ya shiga wayoyin mutane muddin yana raye. Sannan ya dube ni ya tambaya ko kwafin da ke wajena ma zai tafi. Na ce zai tafi.

Na zuba waƙar a ɗan katin ajiya na miƙa wa abokin tafiyata. Muka saurara ta katin don mu tabbata ta shiga, sannan na juyo ordinato wajen Alhaji ya ga na goge nawa, har daga kwandon shara.

Sun ba mu tuwon hatsi da miyar kuka da soyayyar tarwaɗa, kifin da ban taɓa cin mai daɗinsa ba, amma loma kaɗan na iya. Da muka shiga sallama tsohon ya yi barci a zaune, Alhaji yana nan a bayansa bai motsa ba, don kada ya tashe shi. Da kai ya amsa mana.

Mun kamo hanya bayan la'asar, muka shigo Maraɗi ana kiran magariba. Ba mu yi hira ba sai a ƙofar gidana, inda abokin tafiyata ya ce tun yana ɗan shekara ashirin rabonsa da ya ji su tare.

Ga masu tambayata ko mikoro mai araha yana aiki: yana yi, in ka sama masa ɗaki mai shiru, ka kiyaye shi daga laima, ka yi haƙuri da lokaci. Sai dai ba ni da shaidar da zan nuna muku. Na tafi ina tunanin aikina shi ne in kama sauti kada ya ɓace. Na dawo na san abin da ke ji fiye da kunnen mutum amana ne a hannun mai riƙe da shi, kuma yanzu kafin in kunna sai na nemi izinin duk wanda ke ɗakin, har wanda ya ce shi dubiya kawai ya zo. Ku sa Baba Nomau a addu'a. Jiya ɗansa ya ce mini tsohon ya ci abinci, kuma Alhaji Idi ne ya ba shi a baki.